Ranar da Muka Fasa Rumbun Iri

Bana ruwa ya riga lokacinsa. Ranar Talata da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya zuba na ɗan lokaci, ya wuce yamma. Ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da kowa yake so, ni kuwa in na shaƙe shi wata shekara nake tunowa. Washegari tun da hantsi babura suke wucewa ta ƙofar gidana da irin masara daga Funtua, kowa yana sauri. Yanzu ba mai tambayar wani. Mutum ya saurari rediyo ko ya duba waya, ya sayi irinsa a leda, in ya ƙone ya koma kasuwa in yana da hali. Mu a lokacinmu iri ba a leda yake ba, akwai ma shekarar da bai zama na mutum ɗaya ba. Ita ce shekarar da nake so in faɗa, Allah ya yafe mini in na ƙara ko na rage.

Ya haura shekara talatin. Ban riƙe lissafin daidai ba, na dai san 'yata ta fari tana goye a bayan uwarta. A ƙauyenmu, can bayan Maska, gida bakwai muke gayya tare. Yau gonar wannan, jibi ta wancan. Mai gona ya kawo fura da ruwa, mu bakwai mu jeru da fartanya, kafin azahar mun fita daga gonar da mutum ɗaya zai kwana biyar a cikinta. Babbanmu Kawu Barau ne, wan mahaifiyata, mutum mai sanyin magana. Mai bi masa Malam Idi, ladanin masallacinmu. Akwai Ɗanladi, ɗan gwaggona, abokin wasana, wanda bakinsa ba ya hutawa. Sauran ukun ba sai na kira sunansu ba, biyu sun rasu, ɗaya yana nan muna gaisawa. Ni ne ƙaraminsu. Sunana Isuhu, amma Malam Anya suke kirana, don an ce ba a kawo magana ban ce "Anya kuwa?" ba. Ɗanladi ne ya laƙaba mini, ya kuma bi ni.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke dawa tana cikin fitar da kai. Da kaka kowa ya duba abin da ya samu ya san ba zai kai shi wata damina ba. To mun san abin da yunwar bazara take sa mutum. Ka ajiye iri a ɗaka, yara suna kuka, ka ce bari in ɗebi tiya ɗaya, gobe ka ƙara, ranar shuka ka tashi hannu wofi. Shi ne Kawu ya kawo shawara a gina rumbu ɗaya a bayan gidansa, kowane gida ya zuba irinsa a ciki. Muka zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, kaura da farfara da gero, kowa ya ɗaure nasa da alama. Nawa jan ƙyalle ne daga tsohon zanen Hajara, mai ɗakina. Aka barbaɗa toka, aka shimfiɗa ganyen bedi, wato dogon yaro, saboda ƙwari, aka liƙe bakin rumbun da laka. Aka yi alkawari ba za a fasa ba sai mu bakwai mun yarda.

Bazarar ta yi tsanani. Rana tana fitowa kamar an buɗe bakin tanda. Rijiya ta ja baya, guga yana fitowa da rabin laka, sai Hajara ta girke ruwan a tulu ya kwanta kafin a sha. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da safe koko ne mai ruwa-ruwa, kana iya ganin gindin kwano ta cikinsa. Da rana garin ɗorawa, a dama a sha, ya bar maka ɗanɗano a baki ba komai a ciki. Dusar da a da ake ba awaki, Hajara ta koma tankaɗe ta sau biyu tana haɗawa da gari. Kuma kullum in za ni masallaci sai na wuce ta gefen rumbun nan, na san akwai hatsi a ciki. Duk mun sani, ba mai kallon wajen.

Ni ba yunwar ce ta fi damuna ba, gara ce. Wata rana na ga ɗan layin ƙasa ja yana hawa ɗaya daga cikin duwatsun da rumbun yake zaune a kai. Na kankare, washegari ya dawo. Na shiga tunanin gara tana ciki tana cin irin gida bakwai mu muna waje muna gadin laka. Na je wajen Kawu, na je wajen Malam Idi, na bi su ɗaya bayan ɗaya har suka gaji da ni suka yarda a duba. Aka fasa bakin rumbun da tsakar rana. Ɗanladi ya shiga, ya daɗe, ya leƙo da toka har gira.

"Na same ta," ya ce. "Gara ɗaya ce, tsohuwa. Ta ce a gaida Malam Anya, tana nan tafe baɗi."

Ba abin da ya taɓa irin. Sai da muka kwaɓa sabuwar laka da ruwan da mutane suke tattali don sha, muka sake liƙewa cikin ranar nan. Ba wanda ya zage ni, dariya kawai aka yi, har a gidan suna. Hajara ta dawo daga can ta ajiye mayafi ba ta dube ni ba.

"Malam, don Allah ka riƙa barin wata maganar a cikinka. Yau har tambayata aka yi wai ko kana leƙa tukunyata ka ga ko gara ta shiga."

Na ce mata na ji. Na kuma ɗaukar wa kaina alkawari, taro na gaba bakina ƙanin ƙafata.

Bayan kamar mako biyu aka yi ruwa. Ranar Alhamis ce, bayan azahar. Iska ta fara zuwa ta kwashe jinkar wani ɗaki, sannan ruwan ya sauko da ƙarfi, manyan ɗigo masu zafin duka. Mata suka fito da tukwane da ƙore. Ruwa ya gudu a lungu, kwata ta cika. Wanda ya gan shi zai rantse ruwan shuka ne. Amma bai daɗe ba, ni na lura, don ina tsaye a zaure ina jin yadda ƙarar take raguwa a kan kwanon masallaci.

Da sassafe ranar Juma'a na tafi gonata ni kaɗai. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya koya mini cewa kada ka ba ƙasa irinka sai ka tona laima ta nutsar da hannunka har wuyan hannu. Na tsuguna na tona. Sama jiƙe, baƙi ƙirin, mai sanyi. Da yatsana ya kai gaɓa ta biyu sai na ji busasshiyar ƙasa, har da ɗuminta na jiya. Na matsa gaba na sake tonawa. Na gangara kwari na sake. Duk haka, gaɓa biyu. Ruwan gudu ya yi, bai shiga ba. Na share hannuna a riga na taho gida ina tsara maganar da zan faɗa: a jira ruwa na biyu, in kuma an matsu, a fitar da rabi a mayar da laka a kan rabi.

Muka taru a gindin ɗorawar bakin masallaci da hantsi. Daga nan ana hango mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu sun fita da sungumi, suna saran shuka. Yadda muke yi a kowane taro, babba ne yake fara magana, sannan ya bi mutane da tambaya daga mai bi masa har zuwa ƙarami. Haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa ganin aibinsa.

Kawu ya daɗe yana kallon masu shukar can. Sannan ya ce, "To, ni dai ina ganin kamar ruwan nan ya yi. Ko kuwa? Malam Idi?"

Na sha maimaita maganar nan a raina shekara da shekaru. "Kamar" ya ce, ya kuma ce "ko kuwa". Bai ce a fasa rumbu ba.

Malam Idi ya gyara hula. "Yadda ka gani, Yaya. Ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi."

Na uku ya ce, "Haka ne." Na huɗu ya ce ga mutane can sun riga mu. Na biyar bai ma jira an tambaye shi ba, ya ce shi yaransa sun gaji da garin ɗorawa, gara a shuka da wuri a ci tumu da wuri. Kowane mutum ya yi magana sai ta fi ta na gabansa ƙarfi. Abin da ya fara da "kamar", kafin ya zo kan Ɗanladi ya zama an gama.

"Baba Barau, ni sungumina yana ƙofar gida tun asuba," in ji Ɗanladi. "Amma don Allah kada ka tambayi Malam Anya. Yanzu zai ce a jira sai an aiko da takarda daga sama, da sa hannu."

Aka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya juyo ya dube ni.

"Isuhu, kai fa?"

Akwai sauran ƙasar gonar a ƙarƙashin farcena. Na dubi fuskoki shida, biyar da sauran dariya a kansu. Na ce a raina, manya shida, kowa ya girme ni, kowa ya fi ni daɗewa da ƙasa, anya ni kaɗai ne na ga abin da ba su gani ba? Wataƙila gonata ce mai tauri. Wataƙila garar ce ta dawo ta wata ƙofa.

Na ce, "Yadda kuka gani, Kawu."

"Allahu akbar!" Ɗanladi ya ɗaga hannu. "Yau Malam Anya ya yarda. Wallahi bana sai mun rasa inda za mu zuba hatsi."

Kawu ya ƙara kallona kaɗan, sannan ya shafa fatiha. Bayan an sauko daga Juma'a aka fasa rumbun, kowa ya ɗauki nasa, mata suka sussuke.

Gaskiya ban taɓa ganin mun yi aiki mai kyau kamar na kwana ukun nan ba. Uku suna gaba da sungumi suna sara, huɗu suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ba mai jiran a ce masa yi. In mai sara ya gaji, kafin ya buɗe baki wani ya karɓa. Layi ya miƙe kamar an ja da igiya. Ɗanladi yana waƙa yana zolayar kowa, har Malam Idi ya yi dariya. Gona bakwai cikin kwana uku, da yunwa a cikinmu. Ni ma na sake, na ce tunda kowa yana murna haka, ni ne ban gane ba. Ko ƙwaya ɗaya ban rage ba, na juye ƙwaryar na kakkaɓe a rami na ƙarshe.

Kwana biyar tsiro ya fito, siriri, kore shar, layi-layi. Sai sama ta washe. Kullum da la'asar gajimare ya taru a gabas, mu tsaya muna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Kwana goma ganye ya fara naɗewa da rana kamar tsinke, ya buɗe da safe. Bayan mako biyu ya daina buɗewa. Ina zuwa gona sau biyu a yini, ba don akwai abin yi ba. Sai in tsuguna in taɓa tsiro ɗaya in ji yana ƙara a hannuna. Ƙasa ta yi ɓawo ta tsattsage. Geron jigawa ne ya fara tafiya, sannan dawa. Na kwari ya jure, shi ma daga baya ya kwanta. Wata safiya na tarar iska ta share layukan, in ba ka sani ba ba za ka ce an taɓa shuka a wurin ba.

Aka fita roƙon ruwa a filin idi. A hanyar dawowa ne maganar ta fashe, a gindin ɗorawar nan dai.

Malam Idi ne ya fara, a hankali, kamar da kansa yake. "Ni fa tun ranar na lura shamuwa ba ta zo ba. Sheƙarta tana kan rimin bayan masallaci, kullum ina gani. Ba ta zo ba."

"Kai ma ka gani?" in ji Ɗanladi. "Ni iska na lura da ita. Ba ta juya ba, har ranar ta gabas take busowa da safe."

"To me ya hana ka faɗa?" in ji Malam Idi.

"In faɗa ina? Kai da kake na biyu ka ce yaro ko ya hau rimi. Ashe kai ne a gindin rimin kana kallon sheƙa wofi!"

Wanda ya ce yaransa sun gaji da garin ɗorawa ya rantse shi dama hankalinsa bai kwanta ba, ya ga kowa ya yarda ne. Wani ya ce surukinsa daga Kafur ya gaya masa su can ko ɗigo ba su samu ba, ruwan yanki ne. Ashe kowa ya zo taron nan da ɗan abinsa a aljihu, ya ji na gabansa ya amince, ya mayar ya ajiye. Da an zube su a tabarma ɗaya, ko mahaukaci ba zai fasa rumbun ba. Murya ta hau. Daga ƙarshe duk suka juya wuri ɗaya.

"Baba Barau, kai ka ce ruwa ya yi."

Kawu ya ce, "Ni na ce."

Ni ina tsaye a baya. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ambaci tonon da na yi ba. Na ga yadda suke kallon Kawu, na ji tsoron kallon ya dawo kaina.

Bayan kwana huɗu damina ta sauka ta gaske, ruwa kamar da bakin ƙwarya, laima har gwiwar hannu. Ga ƙasa tana kira, ba iri. Ba a sake taro ba, kowa ya bi ta kansa. Ni na ja akuyar Hajara zuwa Funtua na sayar, na shiga layin masu hatsi. Wata Bayarabiya, haihuwar garin, ta ga ina murza dawa a tafin hannu ina cizawa.

"Malam, shukawa za ka yi? To in gaya maka gaskiya, wannan ta ci ce. Daga kudu aka kawo ta, doguwa ce, tana son damina mai tsawo. Ban ce ba za ta yi ba, amma kada ka ce ban faɗa maka ba."

Na gode mata, na saya, don babu wata. A mota ina ta tunanin yadda matar da ba ta san ni ba ta faɗi abin da ta sani ba tare da an tambaye ta ba.

Gayya ba ta mutu a rana ɗaya ba. Noman firi ya zo, ciyawa ta taso gaba ɗaya. Kawu ya bi gida-gida yana kira. Ranar farko biyar suka zo, amma ba irin aikin da ba ne. Kowa yana satar kallon kunyar na kusa da shi ya ga ko ya fi shi gaba. Ba waƙa. Aka yi musu kan gonar wa za a fara, abin da ba mu taɓa yi ba. Gonar da muke gamawa kafin azahar ta kai mu la'asar ba ta ƙare ba. Mako na gaba uku suka zo. Daga nan kowa ya koma shi da fartanyarsa, ciyawa tana gaba muna baya.

Lokacin marka ne yunwar ta kai ƙarshe. Ruwa ba ya ɗaukewa, itace jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki. Tafasa da rama muke ci, a dafa a matse a sa ɗan ƙuli in an samu. Nonon Hajara ya ja baya, yarinya tana tsotsa tana kuka, wuyanta ya yi siriri har ina tsoron ɗaukarta. Allah ya raya ta, yau tana da jikoki ma a hanya. Ɗanladi bai kai kaka ba, ya kwashe iyalinsa ya koma Funtua dako a wajen gurzar auduga. Bai sake riƙe fartanya ba har ya rasu. Dawar da na shuka ta yi tsawo ta wuce kaina, tana shirin fitar da kai ruwa ya ɗauke. Abin da na girba bai cika kwatan rumbu ba.

Ranar ɗaurin dawar Kawu ni kaɗai na je. Ya tsufa a damina ɗaya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muna ta tara zangarniya, yawancinta shan iska ce, ba nauyi. Can ya zauna a kan kara ya ce in zauna.

"Isuhu, akwai abin da nake so in tambaye ka tun tuni. Ranar Juma'ar nan da sassafe na fita duba gonata, sai na hango ka tsugune a taka kana tona ƙasa. Wuri uku ka tona. Na ce to, ba sai na tona ba, ɗan nan ya fi ni bin diddigi, irin ubansa ne. Ni raina bai ba ni ruwan ba. Shi ya sa na yi ta jira magana ta zo kanka. Na ce in akwai abu, ko duniya za ta yi masa dariya sai ya ce anya. Da ka ce yadda muka gani, sai na ce ashe laima ta kai, tsufa ne yake sa ni tsoro." Ya dube ni. "Ina ta tsaya?"

Na so in ce ban tuna ba. Na ɗaga yatsana na nuna masa.

"Gaɓa biyu, Kawu."

Ya kalli yatsan. Ya daɗe yana kallo. Ina jira ya yi faɗa, ko ya ce in je in faɗa a gaban mutane, da na fi son haka.

"Gaɓa biyu," ya ce. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauko igiyar rama. "Danne mini nan in ɗaure."

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya yi shekara shida bayan nan, in ya yi magana a taro sai ka ga matasa suna haɗa ido, shi ma daga baya ya daina yi. Sau biyu na yi niyyar tashi bayan sallah in faɗa, sau biyun ina miƙewa sai in ɗauki takalmina in fita. Da na samu ƙarfin faɗa wa Malam Idi, bayan an binne Kawu, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai dai Malam Anya, komai sai ka ɗora wa kanka. Bar shi, ya wuce."

Har yau a ƙauyenmu in ana lissafin shekarun wani, sai ka ji tsohuwa ta ce, ai an haife shi shekarar da Barau ya ƙona mana iri. Jikokinsa suna zaune a wurin, suna ji. In aka juyo aka ce, "Ko ba haka ba, Malam Isuhu? Kai ai kana nan," sai in ce e, shekarar ce.